Guntun Layin da Ke Jira a Achimota

Ƙarfen dogo ba ya iya rufa wa kansa asiri. Wanda jirgi ke takawa kullum, bayansa fari ne fat, yana ɗaukar ido da rana tsaka. Wanda aka yi 'yan kwanaki ba a taka ba sai ya yi ja-ja, musamman a nan Akra da iskar teku ke ɗauke da gishiri. Wanda ya shekara babu mai bi kuwa baƙi yake komawa, tsatsa ta yi masa ɓawo, ciyawa ta tsiro ta tsakanin tsakuwa har ta rufe ƙusoshinsa. Ba sai ka tambayi ma'aikaci ba, ba sai ka nemi allon lokutan tashi ba. Sunkuya ka duba ƙarfen, zai gaya maka rabonsa da ƙafar jirgi.

A tashar jirgin ƙasa ta Achimota ana iya yin wannan karatu a tsaye wuri ɗaya, domin layukan suna kwance ne kafaɗa da kafaɗa, kowanne da kalar tsatsarsa.

Mu mutanen Nima da Maamobi, in aka ce Achimota, abin da ke faɗo mana a rai shi ne babbar tashar mota, da gadar sama, da cunkoson hanyar Nsawam, sai kuma tsohuwar makarantar nan da aka buɗe a 1927. Da yawa cikin samarinmu ba su san akwai tashar jirgi a can ba, kuma ba laifinsu ba ne. Dogo bai ratsa Nima ba. Ya kewaye mu ne ta gefe biyu: ta yamma ya bi bakin rafin Odaw, daga shataletalen Circle ya wuce ta wajen Alajo da Tesano, ta arewa kuma reshen Tema ya ratsa ta Dzorwulu. Mai tafiya a ƙafa daga Maamobi ko Kotobabi zai iya kai wa ga ƙarfen kafin gumi ya jiƙa masa riga sosai, amma ba shi da dalilin zuwa, sai in yanke zai yi.

Achimota mahaɗa ce. A nan layin da ya taso daga tsakiyar Akra yake rabuwa biyu. Ɗaya ya miƙe arewa, ya bi ta Dome da Amasaman zuwa Nsawam, daga can Koforidua, har Kumasi. Shi ne babba, shi ne na fari: an fara shi a 1909, ya isa Nsawam a 1910, bai haɗe da Kumasi ba sai 1923, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya ja masa birki. Koko ne ya sa aka yi shi, ba mutane ba. Ɗayan kuma ya karkata gabas zuwa Tema, an shimfiɗa shi a 1954 saboda aikin gina sabuwar tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1962. Har wani ɗan reshe aka ƙara masa zuwa duwatsun Shai, inda ake fasa dutsen da aka tare teku da shi. Wato tun asali reshen Tema na kaya ne, fasinja daga baya ya samu gurbi.

Sai dai ba waɗannan dogayen layuka ne suka tsaya mini a rai ba. Guntun nan ne na cikin tasha, wanda ya ɓalle daga babban layi, ya yi tafiyar 'yan taragu a gefensa, sannan ya sake komawa ya haɗe da shi. Ba ya zuwa ko'ina. Mafarinsa da maƙurarsa duk a jikin layi ɗaya suke. Yaro zai iya tsayawa a wannan baki ya kira abokinsa da ke wancan bakin.

Amfaninsa kuwa duk wanda ya taɓa bin lungunan Nima ya san shi. Ka shiga lungun da kafaɗunka ke gogar bango biyu, sai ga wata baiwar Allah ta taho da kwanon ruwa a kai. Dole ɗayanku ya raɓe a ƙofar gidan wani, ya tsuke ciki, har ɗayan ya wuce. Layukan Gana na da, tilo ne, hanya ɗaya ce ta mai zuwa da mai dawowa, kuma ƙa'idar layi tilo ita ce jirgi ɗaya kacal tsakanin tasha da tasha. In biyu za su yi kiciɓis, sai ɗaya ya ratse ya shiga wannan guntu ya jira. Yawan irin waɗannan wuraren ratsewa shi ke yanke yawan jiragen da layi zai iya ɗauka a yini. 

To daga nan za a gane dalilin tsatsarsa. A shekarun baya-bayan nan, in jirgin Tema na aiki, da safe yake kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Akra, da yamma ya mayar da su. Na Nsawam kuma an daɗe ba a ji ƙahonsa ba. Jirgin da shi kaɗai ne a kan hanya, wa zai ratse wa? Guntun bai lalace don ya gaza ba. Abokin kiciɓis ne babu.

Wani dattijo da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, wanda muke haɗuwa a masallaci, shi ya nuna mini yadda bakin guntun yake aiki. Ranar na raka shi gaisuwar mutuwa ne a wajen, muka biyo ta kan layin a ƙafa. Da muka iso inda ƙarafan suka fara rabuwa sai ya tsaya, ya sa tsinin sandarsa a tsakani.

"Ka san jirgi ba shi da sitiyari?" in ji shi.

Na ce, "Na sha ji, Baba, amma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba."

"To direba ba ya zaɓen hanya. Nasa shi ne ya tafi ko ya tsaya. Mai zaɓen hanya yana ƙasa, a nan, cikin rana."

Ya nuna mini ƙarafa biyu da aka fiƙe bakinsu har suka yi siriri, waɗanda ba a ɗaure su tamau ba, ana iya tura su dama ko hagu. Sandar ƙarfe ce ta haɗa su ta ƙasa, ta miƙe zuwa wani hannu a gefen layi. Kowace ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, leɓen ne ke bin gefen dogo. In siririn bakin ya manne da ƙarfen dama, leɓe ya bi nan, jirgi ya miƙe. In aka ja hannun ya manne da na hagu, jirgi ya ratse. Duk nauyin inji da taragu da mutanen ciki, motsin da bai kai tsawon tafin hannu ba ne ke juya su.

Sai ya tona tsakanin ƙarafan da sandar. Yashi ne ya cika wurin ya daskare, da ledar ruwan sanyi, da murfin kwalba, da busasshen ƙwallon mangwaro.

"Wannan ƙwallon kaɗai ya isa," ya ce. "In bakin bai manne sarai ba, ƙafa ɗaya ta bi nan, ɗaya ta bi can, sai ka ji jirgi a ƙasa. A zamaninmu kowace safiya sai an share nan, an shafa baƙin mai. Ko jirgi zai bi, ko ba zai bi ba."

Na ce, "Ko ba zai bi ba, Baba?"

"Yaro, ranar da za a buƙace shi ai ba ta aiko da goron gayyata."

Ya buga hannun ƙarfen da ƙafa, bai ko motsa ba. Muka wuce.

Maganarsa ta ƙarshe ita ce gaskiyar irin wannan layi. Ba don kullum aka yi shi ba. Ranar da inji ya mutu a kan babban layi, ko tarago ya goce, ko ruwan sama ya kwashe tsakuwa a wani wuri aka tura jirgin gyara, ranar ce yake biyan kuɗinsa. Gida biyu maganin gobara. Amma a littafin akanta babu shafin da ake rubuta gobarar da ba a yi ba, akwai dai shafin kuɗin mai da albashin mai shara. In aka zo tsuke bakin aljihu, shi ake fara mantawa da shi, kuma babu fasinjan da zai yi ƙorafi, don babu wanda ya taɓa sayen tikiti zuwa can.

Filin da jirgi ya bari kuwa bai zauna banza ba. A Akra ƙasa ba ta zama banza. Kan layi ya zama titin masu ƙafa, kuma titi ne mai kyau: a miƙe yake, ba mota, ba babur sosai, ba ya yin taɓo da damina saboda tsakuwa. Tafiya a kansa sai wanda ya saba, domin tazarar gungumen da aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙarfe ta yi wa taku ɗaya kaɗan, ta yi wa tsallake biyu yawa, shi ya sa za ka ga baƙo yana tafe yana ɗingishi alhali lafiyarsa ƙalau. Mata na shanya wanki a kan tsakuwa su danne da dutse. Awaki na kwanciya a jikin ƙarfe da sassafe. Masu gyaran rediyo da masu sayar da gawayi sun kafa rumfuna. Can wajen Dzorwulu da bayan Roman Ridge akwai masu lambu, yawancinsu mutanen arewa ne da Hausa ta haɗa su, suna noman latas da kabeji da albasa mai ganye a gefen dogo da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Latas ɗin da ake yanka maka a kan waakye, wato shinkafa da wake, a Nima, ba mamaki daga nan ya fito.

Abin da na fi lura da shi shi ne yadda maƙwabtan layi suka iya karanta shi. A gefen layin da ake sa ran jirgi, teburan masu talla marasa nauyi ne, na ɗauka da hannu ɗaya, kuma an bar tazara. A gefen guntun da ya mutu, teburin ya samu rumfa, rumfar ta samu kwano, wani wurin har an zuba siminti. Da idonka za ka iya auna yawan shekarun da mutane suka yi suna gwada haƙurin reluwe, taku bayan taku. Na tambayi wata mai tuyar ƙosai ko ba ta tsoron ranar da za a ce ta tashi. Ta ci gaba da juya ƙosanta ta ce, "Malam, in jirgi ya dawo ni zan fara murna, ai masu saye zai kawo mini. Su dai kawo jirgin tukuna."

Hukuma na kiran wannan cin iyaka, kuma lokaci-lokaci takan zo da jan fenti ta yi wa gine-gine alama, wani sa'in ta rushe. Ban ce ba ta da gaskiya ba. Filin reluwe na reluwe ne, kuma wanda ya gina ɗaki a inda tarago zai goga yana wasa da ran 'ya'yansa. Sai dai a lura da wanda ya fara tashi daga wurin. Ba rumfa ce ta kori jirgi ba. Jirgi ne ya daina zuwa, rumfa ta matso.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta shafi Zango fiye da yadda muke zato. Kakanninmu da suka kafa unguwannin nan, tun daga Zangon Malam Na'ino a tsakiyar gari, zuwa Sabon Zango na Malam Baƙo, zuwa Nima da Malam Amadu Futa ya samu filinta daga mutanen Osu a farkon shekarun 1930, sana'arsu ita ce haɗa wuri da wuri. Goro ya tashi daga dajin Asante ya je Kano, shanu da kanwa da tufafi su gangaro. Da can a ƙafa ake yi, da jakuna, ta Salaga, wata da watanni. Da dogo ya zo sai hanyar ta juye: a loda goro a tarago zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Legas, jirgin ƙasa ya ɗauke shi zuwa Kano, inda layi ya isa a 1911. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama attajirin gyaɗa, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya ta ruwa. Goro ba ya son jira. Kwana kaɗan na jinkiri a wata tasha zai iya mayar da huhu guda asara, don haka fataken wancan zamani sun san darajar mai juya layi, ko da ba su san sunansa ba.

Amma dogon Gana bai taɓa wuce Kumasi ya yi arewa ba. Bai je Tamale ba, balle Bolgatanga ko Bawku. Hanyar da ta fi damun mutanen Zango ita ce wadda ba a taɓa shimfiɗa wa ƙarfe ba, shi ya sa muka zama mutanen mota tun da wuri, kuma har yau yaron Nima ya fi sanin sunayen manyan motocin kaya fiye da sunan tasha ɗaya ta jirgi.

Wanda yake son ganin babban yayan guntun Achimota sai ya ƙara gaba kan hanyar Nsawam, ya wuce Amasaman, ya sauka Kotoku. A taswira, layukan Gana na da sun yi siffar harafin A. Kumasi ce a ƙoli. Ƙafar yamma ta sauka Sekondi da Takoradi, ita ce ma ta fari, an fara ta a 1898 ta isa Kumasi a 1903. Ƙafar gabas ta sauka Akra. Shekara da shekaru babu sandar tsakiya, wanda zai kai tarago daga Akra zuwa Takoradi sai ya hau har Kumasi sannan ya gangaro, tafiyar fiye da kilomita 500 tsakanin garuruwa biyu da ke bakin teku ɗaya. Akwai layin da ya taso daga Huni Valley ya tsaya a Kade tun 1927. Sai a 1956 aka ja masa reshe daga Achiasi ya zo ya haɗe da layin gabas a Kotoku, aka zaftare sama da kilomita 200 daga tafiyar. Wannan reshe shi ya mayar da layuka biyu suka zama tsari ɗaya. Yau daji ya cinye shi, wasu wuraren ma ɓarayin ƙarfe sun kwance dogon sun sayar.

A wannan Kotoku ɗin ne, a 2021, aka mayar da kasuwar albasa da aka tasa daga Agbogbloshie. Masu albasar nan da yawansu 'yan uwanmu ne, Hausawa da Zabarmawa da mutanen Bawku. Albasar kuma mai yawa daga Nijar take zuwa, irin ta Galmi da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kwana da kwanaki a bayan tirela. Da ta sauka Kotoku sai a sake loda ta a ƙananan motoci da kekunan kaya masu ƙafa uku, a shiga cunkoson Pokuase da Achimota da ita kafin ta iso kasuwar Nima da Makola. Mai sari daga Maamobi sai ya yi asubanci, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ɗora a kan kowane buhu, mai miya ta biya. Duk wannan wahala ana yin ta ne a gefen layin da ya taso daga Kotoku ya bi ta Achimota ya dire a Kantamanto, tsakiyar kasuwannin gari. An kai kasuwa bakin mahaɗar jirgi a lokacin da babu jirgi. Ban ce tarago biyu na albasa da asuba za su warware matsalar Akra ba, amma duk sanda na ga buhunan nan a kan keke cikin hayaƙin motoci, ƙarfen nan na kwance a gefe, sai raina ya sosu.

Mai karatu na Zariya ba baƙo ba ne ga wannan. Can ma mahaɗa ce, layin Kano da na Ƙauran Namoda suna rabuwa, kuma an taɓa yin wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957. Faɗin babban dogon can ma ɗaya ne da na Gana, milimita 1,067, gadon Turawan Ingila.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da layin Tema, ba sau ɗaya ba. A 2010, zamanin Shugaba Atta Mills, an kawo sababbin jiragen fasinja daga Sin aka ɗora a kansa. A 2017 wani jirgi ya goce a wajen Tesano, aka dakatar da zirga-zirga, aka yi gyara, ya dawo a farkon 2019. Kowane karo akwai taro da jawabi da hotuna. Abin da ban taɓa gani ba shi ne taron ƙaddamar da mai shara da gwangwanin baƙin mai. Shugabanni, a nan da ko'ina, sun fi son dogon layi sabo mai ɗauke da allon sunansu. Guntun da ke ba jirgi na biyu damar wanzuwa ba ya shiga hoto da kyau. Alhali in ba shi, ko an sayo jirage goma, ɗaya ne zai yi tafiya, tara su zauna a Akra suna jiran ya dawo. Zumunci a ƙafa yake, na layuka kuma a waɗannan guntaye.

Yanzu Gana ta juya ga sabon faɗi, milimita 1,435, irin wanda Najeriya ta yi tsakanin Abuja da Kaduna. Layin farko da aka kammala a haka shi ne na Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin Volta, kusan kilomita 97, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2024. Aiki ne mai kyau, kuma ina fatan ya ɗore. Sai dai tsohon reshen da ya taso daga Achimota da wannan sabon layi duk a Tema suka dire, kuma tsakanin faɗin wannan da na wancan akwai bambancin milimita 368. Babu guntun layi, komai gwanintar maƙerinsa, da zai ɗauki tarago daga ɗaya ya miƙa wa ɗaya. Fasinjan da ya sauko daga Mpakadan yana son isa Circle sai ya sauka da kayansa a Tema, in akwai tsohon jirgi ya jira shi, in babu ya nemi trotro, motar haya.